Yadda Inna Ta Yi wa Magenta Kishiya

A gidan da na tashi, a cikin birnin Kano, mage ma'aikaciya ce. Ba a ajiye ta don ado, ba a sayen ta da kuɗi, ba a kuma raɗa mata suna. Kakata ta wajen uba, wadda duk gidan muke kira Inna, sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, kuma duk wanda ya san ɗakin da ake jibge buhunan gyaɗa da tunkuza ya san ɓarnar da ɓera ke iya yi a dare ɗaya. Da ci kawai yake yi da sauƙi. Sai ya huda buhu, ya yi fitsari a kan na kusa, ya bar kashinsa cikin gyaɗar da aka riga aka ɓare aka fece, a wayi gari a sake zaman tsinta. Shi ya sa magen Inna take da matsayin da wasu mutanen gidan ma ba su da shi.

Toka-toka ce mai ratsin baƙi, doguwar ƙafa gare ta, kunnenta ɗaya a tsage tun wani faɗa da ta yi da muzurun unguwa. Ba ta da fara'a. Mu yara ba ta ba mu fuska, in ka ce kule sai ta dube ka ta kau da kai, amma ko tari Inna ta yi za ka ga ta ɓullo. Tana da zagayen da ba ta fashinsa. Da an idar da sallar asuba za ta sauko daga kan soro ta katangar bayan rijiya, ta bi ta gindin turmi ta goga kumatu, ta goga a ƙafar kujerar Inna, sannan ta ƙarasa ƙofar ɗakin gyaɗa ta goga a kusurwar bango. Wurin nan, daidai tsayin kanta, har ya yi duhu yana sheƙi saboda gugar shekaru. Duk sanda aka yi wa gidan yaɓe, sai ta yi kwanaki tana aikin mayar da tabonta.

Damunar 1988 ce ta kawo mata kishiya. Wanda ya yi wayo a Kano a lokacin ba zai manta da ruwan watan Agustan shekarar ba, wanda ya ɓalle madatsar Bagauda, ya kuma rushe gidajen ƙasa da dama. Namu Allah ya tsare, sai yoyo da wata azara da ta lotsa, amma a bayan layinmu bangon wani kango ya zube. Washegari almajirin da ke yi mana ɗiban ruwa ya shigo da ƙoƙon bararsa a rufe da hula, ya durƙusa gaban Inna ya buɗe. 'Yar mage ce fara mai dabbaren ja, a jiƙe sharkaf, ko tafin hannun babba ba ta gama cikawa ba. Ya ce a gindin ɓaraguzan ya ji kukanta, uwar da sauran 'ya'yan bai gan su ba. Idonta shuɗi-shuɗi ne tukuna, irin na 'ya'yan mage kafin launin ya juye in sun doshi wata biyu. Inna ta ɓare bakinta ta duba haƙora, ta ce ta haura wata ɗaya, za ta tashi in Allah ya yarda.

Ba kowa ya so ba. Gwaggo ta ce tun da aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu na SAP mutum ma da ƙyar yake ƙoshi, ina ga mage ta biyu. Wata matar gidan ta rage murya ta ce abin da aka tsinto a kango, wa ya tabbatar mage ce? A wancan lokacin ko dukan mage da dare ba a yi, don gudun kada a doki abin da ba a sani ba. Inna ba ta yi zurfin karatu ba, amma ta san abin da kowace tsohuwa ta sani: labarin matar da ta shiga wuta saboda magen da ta kulle ba ci ba sha, da kuma cewa Abu Huraira daga 'yar magen da yake ɗauka ya samo laƙabinsa. Babanmu ya ƙara da abin da ya karanta a Muwaɗɗa ta Imamu Malik, yadda Abu Ƙatada ya karkata wa mage ƙwaryar ruwan alwalarsa har ta sha. Daga nan ba wanda ya sake cewa uffan.

Abin da Inna ta faɗa bayan haka shi ne ya tsaya mini. Ta ce, "Wannan ba ita ce abin ji ba. Jaririya ce, duk inda aka ajiye ta gida ne. Waccan ta kan soro, ita za a lallaɓa." Sai ta juyo wajena, da yake kishiya take kirana irin na wasan kaka da jika, ta ce, "Ke kishiyata, ke kika san zafin abin, ke zan ba aikin." Tun daga ranar magen da ba ta da suna ta zama Uwargida, baƙuwar ta zama Amarya.

Uwargida kuwa ba ta jira an gaya mata ba. Da yamma ta sauko, kai tsaye ta nufi inda almajirin ya dire ƙoƙonsa. Ta sunsuna ƙasar wurin, ta ɗago kai, baki a ɗan buɗe, leɓe a ɗage, ta tsaya cak ido a kafe. Muka kwashe da dariya, a zatonmu ɗoyi ta ji. Ashe a dasashin mage na sama, bayan haƙoran gaba, akwai wasu 'yan ƙofofi da ke kai wa wata gaɓa ta musamman mai tantance ƙamshin 'yan uwanta, kuma buɗe bakin nan tura iska take yi can. Karatu take yi. Da ta gama sai gashin wutsiyarta ya kumbura, ta wuce ƙofar ɗakin gyaɗa ta yi ta gugar bango da ƙarfi, dama da hagu.

Inna ba ta bari sun haɗa ido ba. Akwai wani ɗan ɗaki kusa da zaure da ake tara tsofaffin tukwane da karyayyen gado, wanda Uwargida ba ta cika shiga ba, nan aka kai Amarya. Na roƙa a bar ta a ɗakin Inna inda nake kwana, ta ce ko kusa, ɗakin nan da na gyaɗa suna da mai su. Aka shimfiɗa mata tsohon zane a kwando, aka zuba yashi a fasasshen kasko don ba-haya, aka ajiye ruwa a tasa. Abincinta kindirmo ne da ɗan tuwo mai laushi da busasshen kifi da aka murtsuke. Madara kuwa Inna ta hana, ta ce zawo take sa su, kuma gaskiyarta: yawancin maguna in sun bar nonon uwa cikinsu ba ya iya narkar da sukarin da ke cikin madarar shanu, shi kuwa nonon da ya kwana ya yi tsami sukarinsa ya ragu.

Sai dokoki. Uwargida ce za ta fara cin abinci, a inda ta saba, a lokacin da ta saba, har da ƙarin kan kifi da a da sai ranar sa'a take gani. Gwaggo ta ce kayan faɗar kishiya ke nan. Ba a fitowa da Amarya tsakar gida, ba a goya ta, ba a yi mata wasa a inda waccan za ta hango. Sannan ga aikin tsumma, wanda shi ne nawa. Kullum zan shiga in goga wa Amarya wani ƙyalle a kumatu da haɓa, in fito in yar da shi a gefen turmi, ba a kan hanyar Uwargida ba, a gefe dai inda za ta ji shi in ta ga dama. Inna kuma, da yake ita kaɗai ke iya taɓa ta, za ta goga mata wani ƙyallen in kai wa Amarya cikin kwandonta. Da farko Uwargida huci take yi wa tsumman, ta kewaye shi da nisa. Daga baya ta fara tsayawa ta sunsuna. Can ta koma tsallake shi ba ta ko dubawa. Ranar da muka same ta zaune daram a kansa tana lasar ƙafa, Inna ta ce, "To, an fara gaisawa."

Sai da na girma na ga ashe abin da likitocin dabbobi na Ingila da Amurka ke cika littattafai da shi ke nan: a raba ɗaki, a yi musayar ƙamshi, kada a yi gaggawa. Dalilin yana cikin asalin dabbar. Kare jikan kyarkeci ne, wanda a garke yake rayuwa, don haka ya gaji hanyoyin ba da haƙuri da miƙa wuya da shiryawa bayan faɗa. Mage kuwa jikar kyanwar daji ce, irin wadda har a dazuzzukanmu akwai ta, dabbar da ke farauta ita kaɗai, ta kuma tsare yankinta ita kaɗai. Wani bincike da aka buga a mujallar Science a 2007, wanda ya gwada ƙwayoyin halittar maguna kusan dubu, ya nuna magen gida daga kyanwar dajin Gabas ta Tsakiya ta fito, a tsibirin Kubrus kuma an tono wani kabari mai shekara kusan 9,500 da aka binne mutum da mage a gefensa. Rumbun hatsi ne ya jawo ɓera, ɓera ya jawo mage, yarjejeniyar da har zuwa ɗakin gyaɗar Inna ba ta canja ba. A inda maguna ke zama da yawa wuri ɗaya, galibi uwa ce da 'ya'yanta mata da 'yan uwanta, kuma abin da ke haɗa su ƙamshi ɗaya ne da suke shafa wa juna ta hanyar gugar jiki. Duk wadda ba ta ɗauke da shi bare ce, ko jaririya ce. Abin da Inna ke yi da tsummanta shi ne ƙulla zumuncin da babu shi, ta hanci.

Ana cikin haka Baffa ya zo hutun ƙarshen mako daga Kaduna. Mutum ne mai son a gama abu yanzu-yanzu. Ya ga ina zirga-zirga da ƙyallaye ya tambaya, aka yi masa bayani, ya ce, "Haba Inna, wannan ai wahala ce. A haɗa su su daku sau ɗaya kowa ya san matsayinsa, ba shi ke nan ba?" Inna ta ce ya bar mata kayanta. Da ta fita gidan barka sai ya shiga ya ɗauko Amarya, ya dire ta a ƙofar ɗakin gyaɗa inda Uwargida ke kwance.

Ita Amarya ba ta san dawan garin ba. Ta ɗaga wutsiya sama ta nufe ta da ɗan gudunta, yadda za ta nufi uwarta. Uwargida ta kwantar da kunnuwa har suka manne da kai, ta yi doro, ta saki wani gurnani daga can cikin ƙirji da ban taɓa jin irinsa ba, ta kai mata mari. Amarya ta wuntsila, ta tashi ta shige ƙarƙashin tulin itace tana kyarma. Ba a zubar da jini ba. Amma Uwargida ta haye katanga, ta bi kan soro, ba mu sake ganin ta ba ranar, ba mu gan ta da asuba ba. Abin da muka gani da safe shi ne fitsari a ƙyauren ɗakin Amarya, da wani a jikin jakar Baffa da ke zaure. Gwaggo ta rantse ramuwa ce. Ni dai yanzu na fi ganin jakar ce abin da ya fi komai baƙon wari a gidan, mage kuma in hankalinta ya tashi irin waɗannan take bi tana yi wa tambari. Amma ban taɓa ƙoƙarin raba Gwaggo da fassararta ba, ta fi daɗin ji.

Inna ba ta yi faɗa mai yawa ba. Cewa kawai ta yi, "Kai da ko kaza ba ka taɓa kiwo ba. Ga shi ka sa ta yi yaji, sai ka zauna ka kama mini ɓeran." Kuma ba a jima ba suka dawo, da dare kana jin kacaniyarsu a bayan buhuna. Yaran unguwa suka kawo labarin an gan ta a wani gida can gaba da namu, tana kwana a kan soro kusa da indararo, matar gidan kuma tana ɗan jefa mata abinci. Aka tura ni biko. Inna ta ce, "Ki gaishe ta da kyau, ki ce na ce don girman Allah kada a ba ta ko ƙanzo." Ita kuma kullum bayan magariba sai ta tsaya a tsakar gida tana ƙwanƙwasa tasar Uwargida da cokali, ta zuba abinci ta shige ɗaki. Da farko cikin dare take zuwa ta cinye ta koma. Sai wata asuba muka ga ta sauko ta katangar bayan rijiya, ta rame, ta bi turmi da kujera da kusurwar bango ɗaya bayan ɗaya.

Aka koma farko, a hankali fiye da da. Ƙyauren ɗakin Amarya yana da rata a ƙasa, sai Inna ta riƙa matsar da tasar Uwargida wajensa kaɗan-kaɗan, ni kuma in ba Amarya nata daga ciki a daidai lokacin, ta yadda kowacce tana ci tana jin ɗaya. In Uwargida ta ƙi ci, to an yi kusa da yawa, sai a ja tasar baya. In ta hau soro da rana a saki Amarya ta zaga tsakar gida, in an mayar da ita cikin kwando a wani ɗakin a bar ƙofar nata ɗakin a buɗe Uwargida ta shiga ta bincike komai. Daga nan aka kai ga kife Amarya da babban kwando a tsakar gida lokacin da ake suyar ƙuli, na ɗan lokaci, waccan tana kallo daga kan katanga.

A nan na koyi abin da har yau nake ganin mutane na juya shi. Mu huci da gurnani ke tsorata mu, Inna kuwa ko a jikinta. Ta ce huci magana ce, cewa take yi matsa can, kuma wanda ya faɗi abin da ke ransa ba shi ne abin tsoro ba. Abin da take sa wa ido shi ne shiru: Uwargida ta kafe kwandon da ido ba ƙiftawa, jiki a sandare, ko ta je ta kwanta a bakin ƙofa kamar hutawa take yi alhali hanyar ruwa ko ta yashi ta tare. In ta ga haka ba ta cewa cas, ba ta duka, sai ta gitta ta tsakaninsu da faifai a hannu ta katse kallon. Ta kuma sa aka ajiye ruwa a wurare daban-daban, don kada a sami abu ɗaya da dole sai an haɗu a kansa.

Sanyi ya fara shigowa sanda aka ɗage kwandon gaba ɗaya. Amarya ta yi wayo, ta yi ƙiba, ba ta da aiki sai dakon duk abin da ya motsa. Ta laɓe a bayan turmi, ta yi tsalle ta cafke wutsiyar Uwargida. Ta sha mari ɗaya a ka, ba farce, ta kwanta a gefe ta yi lamo. Uwargida ta lashi kafaɗarta ta yi gaba. Iyakar bikin ke nan.

Ba su taɓa zama ƙawaye ba. Ban taɓa ganin ɗaya ta lashi ɗaya ba, ban taɓa ganin sun kwanta jiki da jiki ba, ko a tsakiyar hunturu da suke haɗuwa a bakin murhu kowacce gefenta take kamawa. Raba gidan suka yi. Soro da ɗakin gyaɗa da dare na Uwargida ne, madafa da tsakar gida da cinyoyin yara na Amarya. Ita da yake tun tana 'yar mitsitsiya ta faɗo hannun mutane, a makonnin nan na farko da mage ke koyon wa za ta amince wa, ta tashi da son a ɗauke ta, abin da waccan ba ta taɓa yarda da shi ba. A lokacin abin ya dame ni, na ce wa Inna duk wahalar nan ashe ba za su shirya ba. Ta ce, "Wa ya ce miki so nake su yi ƙawance? Ni dai kada a ɓarar mini da mai."

Yanzu 'ya'yan 'yan uwana da ke zaune a gidajen bene a Abuja suna sayen maguna masu dogon gashi da kuɗi mai yawa, in sun ƙaro ta biyu faɗa ya kaure sai su kira ni. Nasu ya fi namu wuya, don Uwargida tana da soro da katanga da gidan maƙwabta, duk sanda ranta ya ɓaci tana da inda za ta hau ta huce, su kuwa nasu an kulle su a falo ɗaya. Nakan ce su fara kai baƙuwar wajen likitan dabbobi a duba ta, a yi mata rigakafi da maganin tsutsa da ƙuma, su ajiye wa kowacce kaskon yashinta da ƙarin guda, su samar da wurin hawa ko da saman kabad ne. In an yi yakushi kuma kada wanda ya kuskura ya ba mage farasitamol, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Yawanci suna saurara har zuwa inda zan ce abin na iya ɗaukar watanni, daga nan sai in ji muryar ta yi sanyi, don su hoton da za su ɗora a Instagram suke so a makon farko.

Shekara na zagayowa Amarya ta haihu a cikin karyayyen gadon ɗakinta na fari. Uwargida ta leƙa sau ɗaya ta yi huci, ta ƙaurace wa ɓangaren har aka yaye su. Masu roƙo suka yi ta zuwa, don an san gidan Inna ba ɓera. Ta ce ba mai ɗauka sai sun cika wata biyu, kuma duk wadda ta zo sai ta sha tambayoyi: akwai mage a gidanku? Shekararta nawa? Kuna da ɗakin da za a ware? Wa zai kula da abin, ke ko yara? Wadda ta amsa da kyau a ba ta, a haɗa mata da guntun zanen da suka kwanta a kai. Wata maƙwabciyarmu da ke da tsohon muzuru ga ɗaki ɗaya tal, Inna ta ce ta yi haƙuri. Matar ta tashi ta gyara mayafi ta ce, "Inna, ko aurena da aka yi ba a yi wannan binciken ba." Inna ta ce, "Ai shi ya sa."